Gane Sulke da Tsafe Shi a Wasan Tebur: Sauƙin da Ya Wuce Gona da Iri

Tun daga shekarar 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons ta hannun kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, akwai wata gaɓa da kusan kowane tebur yake isa gare ta ko ba daɗe ko ba jima. Jaruman labari sun gama fafatawa da dodon da ke gadin wani tsohon kango, sun fasa akwati ko sun ɗaga murfin kabari, sai jagoran wasa ya ce musu sun tarar da sulke wanda tsatsa ba ta taɓa ba duk da daɗewarsa a ƙasa. Daga nan tambaya ɗaya ce take fitowa daga bakin kowa: wane irin sulke ne wannan, me yake yi, kuma wa zai saka shi? Yadda dokokin wasan suke amsa wannan tambaya ya canja sau da yawa cikin shekaru 50, kuma a ganina canjin baya-bayan nan ya warware wata matsala ta gaske, sai dai ya haɗa da zubar da abin da bai kamata a zubar ba.

Ga wanda bai taɓa zama a irin wannan tebur ba, wasan hira ce mai doka. Mutum huɗu ko biyar suna zaune, kowa yana riƙe da takardar da aka rubuta ƙarfi da basira da kayan jaruminsa, mutum ɗaya kuma yana jan ragamar labarin, yana faɗin abin da suke gani da abin da ya biyo bayan kowane mataki. Idan aka zo inda sa'a za ta yi aiki, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20. Sihirin da ake ambata a ciki na ƙagaggen labari ne kamar na tatsuniya, domin abin da ke kan teburin bai wuce takarda da fensir da lissafi ba. Amfanin sulke a wannan lissafi shi ne ƙara makin kariya, wato lambar da maƙiyi zai cim ma kafin saransa ya shiga. Sulken da aka tsafe yana ƙara maki ɗaya ko biyu ko uku a kan na gama-gari, wani kuma yana kare mai shi daga wuta ko sanyi ko dafi.

A littafin 'yan wasa na 1978, gane irin wannan kaya aiki ne mai haɗari. Akwai sihirin tantancewa wanda littafin ya kira Identify, kuma kafin matsafin ƙungiya ya yi shi sai ya tanadi lu'ulu'u na aƙalla zinare 100, da gashin mujiya da aka jiƙa a giya, ya sha jiƙon, ya kuma haɗiye ɗan ƙaramin kifi da ransa. Dole ne ya riƙe ko ya saka kayan kamar yadda ake amfani da shi, saboda haka idan la'ananne ne a kansa la'anar za ta fara sauka. Bayan ya gama sai ƙarfin jikinsa ya ragu da maki 8 na ɗan lokaci, har mai rauni yakan suma, kuma duk da wannan wahala amsar da zai samu ba tabbatacciya ba ce. Abin da 'yan wasa da yawa suka koma yi shi ne gwaji: wani ya saka sulken, ɗan'uwansa ya kai masa sara da hankali, a ga ko takobin zai zame. Jagora kuwa shi kaɗai ya san gaskiyar lambar, yana ƙara ta a ɓoye duk lokacin da aka kai wa jarumin hari.

Ban ga dalilin yin kewar wannan tsari gaba ɗayansa ba. Jagoran da yake kula da dodanni shida da taswira da makircin labari, a ce kuma ya riƙa tuna cewa sulken wane yana da maki biyu na ɓoye, garkuwar wance tana da ɗaya, an ɗora masa nauyin da ba shi da amfani, kuma mantuwa za ta shigo ta cuci wani. Sannan harajin lu'ulu'u a kan kowane kaya ba ya haifar da wani labari, kuɗi ne kawai suke fita daga takarda. Saboda haka lokacin da bugu na biyar na wasan ya fito a 2014, bayan wasan ya daɗe a hannun Wizards of the Coast wanda ya sayi TSR a 1997, masu tsara shi suka sassauta. Sihirin tantancewa ya koma na minti ɗaya, lu'ulu'un ba ya ƙarewa, kuma ko babu matsafi a ƙungiya, jarumi yana iya riƙe kayan a hannunsa a lokacin ɗan hutu na awa ɗaya, a ƙarshen hutun a gaya masa duk abin da kayan yake yi. Masu kare wannan sauyi suna cewa mutane sun haɗu ne na awa uku ko huɗu a mako, wasu ma a wata, kuma ba daidai ba ne a ƙarar da rabin zaman ana lalube a duhu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da ita har zuwa wani wuri.

Inda na rabu da su shi ne wannan. Tambayar "me yake yi" daban take da tambayar "na wane ne, wa ya ƙera shi, ta yaya ya zo nan", amma da aka sauƙaƙa amsar ta farko sai teburori da yawa suka daina yin ta biyun kwata-kwata. Jagora ya karanta sunan kaya daga jadawali, ɗan wasa ya goge 16 ya rubuta 17, a wuce. Sulken da aka ce ya kwana ɗaruruwan shekaru a kabarin wani sarki ya zama lamba cikin daƙiƙa kaɗan, kuma bayan zama biyu ko mai shi ba zai iya faɗin launinsa ba. Ra'ayina shi ne a ba ɗan wasa lambar nan take, tunda ita ce take nauyaya wa jagora idan aka ɓoye ta, amma asalin sulken da mafi girman ikonsa su zama abin da sai an nema, kuma a neme su da ido da tambaya da tafiya, ba da jifan ɗan lido kaɗai ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ɗan wasan da ya sha wahala kafin ya san sulkensa ba ya mantawa da shi.

Abin da ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne yadda masana suke gane sulke na gaskiya, domin sulke abu ne da yake ɗauke da tarihinsa a jikinsa. Cikakken sulken farantan ƙarfe na Turai, wanda ya kammala siffarsa a ƙarni na 15, yana da nauyin kilo 20 zuwa 25, kuma gaɓa-gaɓa ne: kwalkwali, da ƙarfen wuya, da na ƙirji da na baya, da na kafaɗu, da na damtse da gwiwar hannu, da safar hannu ta ƙarfe, da na cinya da gwiwa da ƙwauri. Maƙeran Milan a Italiya, irin su gidan Missaglia, an san aikinsu da santsi da zagayayyar siffa, na ƙasar Jamus kuma, musamman Augsburg da Nuremberg, an san su da layuka masu kwarmi da gefuna masu tsini. Maƙeri yana buga tambarinsa, birni ma yakan buga nasa bayan an duba ingancin aikin. Da bindiga ta yawaita, sai aka riƙa harbin ƙarfen ƙirji don gwaji, a bar wurin da harsashin ya lotsa a matsayin shaidar cewa bai huda ba. A ɓangaren daular Usmaniyya akwai tambarin rumbun makamai na Istanbul da ake gani a jikin kwalkwali da sulke masu yawa, akwai kuma rigunan zobba da aka buga wa kowane zobe rubutu. Sannan sulke da yawa da ke tsaye a gidajen tarihi haɗe-haɗe ne, an ɗauko kwalkwalin daga nan, ƙafafun daga can, kuma mai ido yana ganewa. Mu ma a ƙasar Hausa ba baƙin wannan kaya ba ne, domin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma har yau 'yan lifida da 'yan sulke suna fitowa a hawan salla.

Duk waɗannan alamu kayan aiki ne a hannun jagora, kuma ba sa buƙatar sabuwar doka. A ɗauka ƙungiya ta tarar da sulke a ƙasan wata rusasshiyar ganuwa, jagora ya ce musu: yana ƙara maki ɗaya, ku rubuta. Sannan ya ci gaba da bayani. A kusa da wuya akwai tambari biyu, ɗaya a fili yake, ɗayan kuma an kankare shi da gangan har ƙarfen ya yi fari a wurin. Ƙarfen kafaɗar hagu ba ɗan'uwan na dama ba ne, ya fi shi duhu, kuma ƙusoshinsa na tagulla ne alhali sauran na baƙin ƙarfe ne. Lifidin da ke ciki an ɗinka shi ne don gajeren mutum mai faɗin ƙirji, an kuma taɓa sakin ɗinkinsa ta gefe. A cikin ƙarfen ƙirji, inda babu mai gani sai wanda ya cire shi, akwai layin rubutu da ya katse a tsakiyar kalma, daidai inda asalin ƙarfen kafaɗar ya kamata ya ɗora. Na sha ganin yadda irin wannan bayani yake canja zaman tebur: mutumin da yake shirin duba wayarsa sai ya ajiye ta ya ce, "Dakata tukuna, wa ya goge tambarin?" Wani ya ce a kai wa tsohon maƙerin garin da suka baro ya gani. Daga sulke guda an samu dalilin tafiya, an samu mutumin da za a nema, an samu ɓataccen yanki wanda idan aka dawo da shi ikon sulken zai cika. Bayanin bai ci minti biyu ba, saboda haka hujjar ƙarancin lokaci ba ta taɓa shi.

Abin mamaki shi ne littafin jagora na 2014 da kansa yana ɗauke da wannan tunani. A cikinsa akwai jadawalin da ke tambayar wa ya ƙera kayan, wane tarihi yake da shi, wace ƙaramar baiwa ko baƙuwar ɗabi'a yake da ita, har ma da zaɓin tsaurara tantancewa ga mai so. Sai dai an ajiye su a matsayin ƙari, dokar hutun awa ɗaya kuma ita ce ta tsaya a gaba, kuma sabon jagora abin da ya tarar a gaba shi yake ɗauka a matsayin wasan. Laifin da nake gani a nan na fifiko ne, an sa abin da ya fi rai a baya.

Batun la'anannen sulke ya fi nuna inda tsarin yanzu yake da rauni. Dokar ta ce yawancin hanyoyin tantancewa ba sa bayyana la'ana. Akwai wani sulke a littafin da yake rage zafin nau'i ɗaya na rauni, ko na duka ko na suka ko na sara, amma ya ninka zafin sauran biyun a kan wanda ya ƙulla alaƙa da shi, wato ya ɗaure kansa da shi don sihirinsa ya yi masa aiki, akwai kuma na shaiɗanu wanda idan aka saka shi ba ya ciruwa sai an warware la'anar. Idan jagora ya saba wa 'yan wasa cewa hutun awa ɗaya yana gaya musu komai, sannan rana ɗaya ya dana musu tarko ba tare da wata alama ba, ba su yi kuskuren komai ba, amana kawai aka ci. Amma a teburin da aka saba duba sulke da ido, la'ana tana zuwa da gargaɗinta. Maɗauran fatar duk an yanke su ne da wuƙa, alamar cewa da ƙarfi aka raba shi da wanda ya saka shi na ƙarshe, ko kuma ɓarayin da suka riga ku shiga kabarin sun kwashe zinariya sun bar sulken a inda yake. Wanda ya ga wannan ya saka duk da haka, zaɓinsa ne, kuma zaɓi shi ne abin da ya bambanta wannan wasa da karanta littafi.

Akwai masu ganin cewa maganin matsalar shi ne a ba kowace gaɓa lambarta. Wasu wasannin sun bi wannan hanya tun da wuri: RuneQuest na 1978 ya raba jiki zuwa sassa, kowane sashe da kariyarsa, Warhammer Fantasy Roleplay na 1986 ma haka, Pathfinder kuma ya kawo zaɓin haɗa sulke yanki-yanki a 2011. Ga wasan da aka gina a kan haka tun daga tushe, abin yana tafiya. Amma cusa shi cikin wasan da ke da makin kariya guda ɗaya yana jawo dogon lissafi, kuma yana buɗe ƙofa ga mai son tara sihiri a kwalkwali da safa da takalmi da ƙarfen ƙirji har jaruminsa ya gagari kowa, abin da dokar da ta hana jarumi ƙulla alaƙa da fiye da kayan sihiri uku a lokaci guda ta zo ta toshe. Ni dai ina goyon bayan a san gaɓoɓin da sunayensu da kamanninsu a cikin labari, a bar lambar guda ɗaya. Ba sai an bi tarihi sau da ƙafa ba ma, tunda jerin sulken wasan kansa yana ɗauke da nau'o'in da masana suke shakkar an taɓa yin su, kamar rigar fata mai ƙusoshi, wadda da yawa suke ganin kuskuren fahimtar rigar da ake jera ƙananan faranti a cikinta ne, kawunan ƙusoshin kawai suke fitowa waje.

Tsafe sulke kuwa, wato ƙara masa sihiri da hannun 'yan wasa, ya bi irin wannan hanya, sai dai a nan bugu na uku na shekarar 2000 da gyaransa na 2003 ne suka kai abin maƙura. An yi farashi a fili: a ninka makin da kansa, a ninka da zinare 1,000. Maki ɗaya 1,000, biyu 4,000, uku 9,000, huɗu 16,000, biyar 25,000. Sulken dole ya zama na ƙwararren maƙeri, wanda yake ƙara zinare 150 a kan kuɗinsa, matsafin da ya koyi sana'ar kuma zai biya rabin farashin, ya sadaukar da kashi ɗaya cikin 25 na farashin daga makin gogewarsa, wato makin da jarumi yake tarawa don hawa mataki na gaba, ya yi aikin kwana ɗaya a kan kowane 1,000. Tsarin yana da tsabta, kowa ya san abin da zai samu, amma ya mayar da tsafi kamar sayen katin waya: ka biya, a loda maka, ka tafi. Mafi muni shi ne an gina ƙarfin dodanni a kan zaton cewa kowane jarumi yana da waɗannan maki a matakinsa, saboda haka wanda bai saya ba ya koma baya, wanda ya saya kuma bai ci gaba ba, ya dai tsaya inda ake so ya tsaya. Pathfinder bugu na biyu na 2019 ya mayar da sihirin ya zama zanen hatimi da ake iya ɗagawa daga wani sulke zuwa wani cikin kwana ɗaya da biyan kashi 10 cikin 100, daga baya kuma kamfanin Paizo, mai wallafa shi, ya ba da zaɓin a riƙa ba jarumai makin kai tsaye ba tare da wani kaya ba. Samuwar wannan zaɓi shaida ce daga masu tsara wasan cewa maki tsagwaronsa ba shi ne abin sha'awa a sihirtaccen sulke ba.

Tsarin da ya fi kusa da abin da nake so shi ne wanda aka ƙara wa bugu na biyar a 2017. A can kuɗi da lokaci ba sa isa: sai an samo sirrin haɗin, sai kuma an samo wani sinadari da ba a sayarwa a kasuwa, wanda yawanci yana jikin wata halitta mai haɗari ko a wurin da take gadi. Sulke mai maki ɗaya, wanda yake cikin kayan da ba kasafai ake samu ba, yana cin mako 10 na aiki da zinare 2,000, na ƙoli kuwa mako 50 da zinare 100,000. Wannan ya mayar da tsafe sulke wani babi na labarin. Mai son sulken da wuta ba ta ci sai ya je inda wutar take, ya dawo da ɓawon dodon da ke kwana a cikinta, ya samu maƙerin da zai yarda ya hura zugazuginsa a kan irin wannan aiki, kuma maƙerin yana iya gindaya sharaɗin da ba na kuɗi ba.

Ina kuma ganin ya fi kyau a tsafe sulken da jarumi ya daɗe da shi a kan a riƙa musanya masa da sabo duk bayan 'yan matakai. Mayaƙin da ya fara wasa da rigar zobban da ya gada daga mahaifinsa bai kamata doka ta tilasta masa jefar da ita ba don kawai an tarar da wadda ta fi ta maki ɗaya a akwati. Jagora yana iya barin a narkar da zobban sabuwar a gyara tsohuwar da su, ko a ɗauke rubutun da ke ɗauke da ikon a mayar da shi kanta, lissafin bai canja ba ko kaɗan. Makonnin da aikin zai ɗauka ma kada a tsallake su da jumla ɗaya. Mako 10 lokaci ne da maƙiyi yake ƙara shiri, bashi yake ƙaruwa, labarin sulken yake bazuwa har ya kai kunnen wanda yake ganin shi ne magajinsa na gaskiya, kuma a duk tsawon wannan lokaci mayaƙin yana yawo da aron lifidi, abin da ya isa ya sa ƙungiyar ta zauna ta yi shawara ko yanzu ne lokacin da ya dace a kai sulken maƙera ko kuwa a jira sai bayan yaƙin da ke gabansu.